Rajistar ƙungiya za mu fara yi, ko yasar kududdufi?

Sakatare:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zauren WhatsApp na garinmu. Kamar yadda aka tsayar a zaman bayan Juma'a, ga shawarar kwamiti. Rijiyoyin unguwar gabas sun ƙafe tun kafin watan Maris, kwazazzabon bayan makabarta kuma bana ya ci gonaki biyu, yana neman hanyar kasuwa. Mun ga ya kamata a kafa ƙungiya, a yi mata rajista, a buɗe asusun banki, a buga takarda mai tambari, sannan a je wa ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma da koke a rubuce. Duk mai sunan da yake ganin ya dace da ƙungiyar ya kawo.

Maman Hanifa:
Wa alaikumussalam. Ni dai ko sunanta Ƙungiyar Jarka ne na yarda, in dai ruwa zai dawo. Jiya sai bayan la'asar mai kura ya shigo layinmu, shi ma da roƙo.

Ɗan Indiya:
Wa alaikumussalam. Yaya Sakatare, Allah ya saka da alheri. Ina neman izinin manya in kawo wani labari kafin a shiga zaɓen suna, don abin da na gani a nan ya sa ina shakkar ta inda muke shirin farawa.

Jihar da nake karatu, Rajasthan, ƙasa ce mai ƙarancin ruwa. A gundumar Alwar abin da suke samu a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, kusan irin namu, shi ma a cikin wata uku yake zuba ya wuce. Kwanakin baya muka je yankin Thanagazi da abokan karatu, muka ga abin da suke kira johad. Ba wani abin mamaki ba ne a ido. Tudun ƙasa ne aka tara shi kamar jinjirin wata a gindin gangare, ruwan sama ya gangaro ya taru a cikinsa. Wanda na tsaya a kansa har awaki na kiwo a bisa, ga bauna kwance cikin laka. Na ce wa wanda ya kai mu, ai wannan kududdufi ne, muna da shi a gida. Ya yi dariya ya ja ni wata rijiya da ke can ƙasa da shi, ya ce in leƙa. Ruwa na nan kusa, har ina ganin fuskata. Ya ce aikin johad ke nan, ruwan da ka gani a sama kaɗan ne, mafi yawansa ƙasa ce ke shanyewa ta ajiye.

Ga yadda abin ya faro. Ranar 2 ga Oktoba 1985 wani matashi, Rajendra Singh, wanda ya karanci maganin gargajiyar Indiya, ya hau bas daga Jaipur tare da abokansa huɗu, suka sauka a tashar ƙarshe, wani ƙauye Kishori. Da niyyar koyarwa da ba da magani suka je. Shi ya fara duba marasa lafiya a ƙauyen Gopalpura. Lokacin rijiyoyi sun bushe, maza sun tafi birane neman abinci, mata na tafiya mai nisa ɗiban ruwa. Sai wani dattijo, Mangu Lal Meena, ya faɗa masa a fili cewa ba makaranta ce ta fi damunsu ba, ruwa ne, in da gaske yake ya ɗauki abin tono ya yashe tsohon johad ɗin garin da laka ta cike. Abokan nasa suka ga ba wannan ya kawo su ba, suka watse. Shi ya tsaya ya yi ta tono da 'yan samarin gari. Da damina ta sauka johad ya cika, rijiyoyin kusa da suka yi shekaru a bushe suka kawo ruwa.

Daga nan ne maƙwabta suka fara zuwa kallo, kowa ya koma ya tono na garinsu.

Kawu Direba:
Kai ɗana, ka tabbata ba a fim ka gani ba? Bas, tashar ƙarshe, dattijo mai hikima. Saura rawa a kan dutse.

Ɗan Indiya:
Kawu wallahi ban ga rawa ba, amma na ga gonakin mastad sun yi ruwan ɗorawa tsakiyar rani.

Sakatare:
Ƙanina, labarin ya yi daɗi, amma na ɗan duba, kuma ka ɓoye mana rabi. Ƙungiyar da mutumin ya yi aiki a ƙarƙashinta, Tarun Bharat Sangh, tun 1975 aka kafa ta a Jaipur, ɗalibai da malaman jami'a ne suka kafa ta. Shi ma har sakatarenta ya zama kafin ya hau bas ɗin. Wato shekara 10 tana nan kafin a ɗaga shebur. To ina laifin shawarata?

Ɗan Indiya:
Gaskiyarka Yaya, tana nan. Amma ka duba me ta yi a kan ruwa cikin shekara 10 ɗin. Ba komai. Ƙungiyar 'yan boko ce ta birni mai ayyukan jin ƙai. Sunan ne ya bi shi ƙauye, aikin kuwa Mangu ne ya ba shi. Kuma abin da ya riƙe aikin daga baya ba ofishin Jaipur ba ne. A kowane ƙauye sai an kafa taron gari wanda kowane gida ke da wakili, su za su zaɓi inda za a yi johad, su kuma za su ɗauki wani kaso na nauyin aikin, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, da kuɗi ko da ƙarfin jiki ko da kayan aiki. Garin da bai yarda da wannan ba, ba a yi masa.

Baba Mai Ritaya:
Bari in sa baki, tunda na yi shekara talatin da ɗoriya a aikin gona na gwamnati, na ga ƙungiyoyi sun fi a ƙirga.

Sakatare, kai ɗana ne, ba zan ɓoye maka ba. A zamaninmu an kawo wani shiri na dashen itatuwa, aka ce sai garin da ke da ƙungiya mai rajista za a ba. Cikin mako biyu aka haifi ƙungiyoyi bakwai a gunduma ɗaya, kowace da shugaba da ma'aji da hatimi. Aka raba dashe da baro da buhunan hatsi. Ranar da motar shirin ta daina zuwa, ranar ƙungiyoyin suka mutu. Baron ɗaya na gan shi da idona ana tallan rake da shi a tasha. Wannan ne tsorona da takarda mai tambari. Tana jawo irin mutanen da ke jin ƙamshin rabo tun daga nesa.

Amma kai ma Ɗan Indiya kada ka ruɗe mu. Ba na son labarin da ake ɗora wa mutum ɗaya. An ba wannan bawan Allah lambar yabo ta Magsaysay a 2001, an ba shi ta ruwa ta Stockholm a 2015, duniya ta san sunansa. Matan da suka ɗauki ƙasa a ka fa? Kuma kar a ce mana babu kuɗin waje a ciki, akwai, masu tallafi daga ƙasashen waje sun zuba kuɗi da aikin ya girma. Dubban johad ba sa ginuwa da fatar baki.

Ɗan Indiya:
Baba ban musa ba ko kaɗan. Ni ma abin da ya tsaya min ke nan, ilimin na mutanen ƙauyen ne tun kaka da kakanni, sun dai sake shi ne da aka sare dazukan tsaunin Aravalli, laka ta cike johad, ga rijiyoyin burtsatse sun shigo kowa ya koma kansu, ga hukuma ta karɓe ikon daji da ruwa daga hannun gari. Baƙon bai koya musu komai ba. Abin da ya yi shi ne ya yarda ya ji maganar tsoho, ya cire girman kai ya shiga rami. Kuɗin waje kuwa ya zo ne ya tarar da aiki a ƙasa. A 2000 da shugaban ƙasarsu K. R. Narayanan ya je yankin, mutanen ƙauyen Bhaonta-Kolyala ya miƙa wa lambar yabo, su da suka yi aiki a mafarin kogin Arvari.

Maman Hanifa:
Baba Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. A zaman da aka yi bayan Juma'a mace nawa aka kira? Mu ne muka san wace rijiya ke fara ƙafewa da wadda ke kai wa bazara. Ku tambayi Inna ta gidan mai unguwa, za ta lissafo muku kududdufai biyar da ke garin nan lokacin tana amarya. Uku an cike su da shara an yanka filaye. Na huɗu shi ne wanda ake zubar da ledoji bayan makarantar allo. Tun da aka cike na bakin kasuwa rijiyar gidanmu ta fara wasa da mu, ban yi boko mai zurfi ba amma wannan na lura da shi.

Injiniya:
Hajiya abin da kika lura da shi daidai ne, ko a littafi haka yake. Bari in ɗan yi bayani don a daina kallon rijiya da kwazazzabo a matsayin matsala biyu. Abu ɗaya ne. Ruwan da ya kamata ya tsaya ya nutse ya ciyar da rijiya, shi ne yake gudu a kan ƙasa mai tauri ya tara ƙarfi ya je ya yaga bayan makabarta. In ka rage masa gudu tun daga sama, ka yi maganin biyun.

Shi ya sa ba a fara gyaran kwazazzabo daga bakinsa. Duk wanda ya zuba siminti a inda ya fi zurfi, damina ɗaya ruwa zai zagaye ta gefe ya tafi da shi. Daga tudu ake farawa, inda ruwan yake ƙarami: jerin duwatsu a kan gangare, ƙananan shingaye a cikin 'yan ƙoramu, ciyawa da itace su riƙe ƙasa, sannan tafki a inda ƙasar ke shan ruwa. Na Arvari ma haka ne. Kogin ya yi wajen shekara 60 ba ya gudu sai da damina, babu wanda ya ce zai farfaɗo da shi, kowane ƙauye rijiyarsa yake nema. Da ƙananan madatsu suka kai ɗaruruwa a yankin, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso har ya riƙa tsattsafowa cikin kogin, zuwa 1995 yana gudu shekara cur.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, ƙasarsu gindin tsauni ce, ba lallai tamu ta amsa daidai da tasu ba. In gindin kududdufi yumɓu ne zalla, ruwan zai zauna rana ta shanye shi, sauro ya samu gida. Sai an tona an ga irin ƙasar. Na biyu, ruwan da ka tare a sama, wani ne a ƙasa bai samu ba.

Ɗan Nguru:
Injiniya ka gama magana da wannan na biyun. Mu ne mutanen ƙasa, mu muka san zafinsa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da fadamun Hadejia da Nguru suka saba da ita ta canza. Da ruwa kan zo da damina ya ja da rani, ƙasa ta bushe. Yanzu ana sako shi rani da damina, kachala, ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani wajen ruwa ya yi yawa ya cinye gonaki ta ɓangaren rafin Marma, wani wajen kamar rafin Burum Gana ana nemansa ido rufe. Ga jan-baki sun samu maɓoya cikin kachalar suna sauka kan shinkafa da gero. Na sha shiga gayyar yankan kachala, ruwa iya ƙirji, lauje a hannu, matsattsaku na manne maka a ƙafa. Garinku ya share nasa, in na gaba bai share ba aikin banza kuka yi. Don haka ni ina bayan Sakatare ta wani fannin: dole a samu inuwar da za ta haɗa garuruwa, gayyar gari ɗaya ba ta isa.

Sakatare:
Alhamdu lillahi, na samu mutum ɗaya.

Ɗan Indiya:
Yaya ai ni ma ban ce kar a yi ba, lokacin yi nake magana. Ku ji yadda tasu inuwar ta samu. Da Arvari ya dawo, kifi ya dawo. A 1996 sai gwamnatin jiha ta ba wani ɗan kwangila izinin kamun kifi a kogin. Mutanen da suka yi shekara 10 suna ɗaukar ƙasa a ka suka ce ba a isa ba, lokacin da kogin yake busasshe ina hukuma take? Suka hana, har aka janye. Wannan rigimar ce ta nuna musu cewa in ba su haɗa kai ba za a ƙwace abin da suka gina. Tsakanin ƙarshen 1998 da farkon 1999 ƙauyuka wajen 70 suka kafa abin da suka kira majalisar kogin Arvari. Ba ta da ikon doka, amma ta sa ƙa'idoji, ciki har da hana noman rake da shinkafa da ruwan kogin saboda shan ruwansu. Ka ga sai da aka samu abin karewa sannan aka kafa mai gadi.

Kuma rigima da hukuma ba ta tsaya nan ba. Sun kai ƙara Kotun Ƙoli kan masu haƙar dutsen marmara a yankin dajin Sariska, don ramukan haƙar na janye ruwa, aka rufe ɗaruruwan wuraren haƙa a farkon shekarun 1990. A 2001 kuma jami'an ban ruwa suka ce madatsar da mutanen Lava ka Baas suka gina a kan wani reshen kogin Ruparel ta saɓa doka, suna kafa hujja da rabon ruwan da ke tsakanin Alwar da Bharatpur da ke ƙasa. Maganar Injiniya ke nan ta mutanen sama da na ƙasa.

Kawu Direba:
To mu namu masu marmarar su ne masu tipa. Kullum sai na yi karo da biyar shida suna fitowa daga rafi da yashi. Wa zai tare su? Kowa ya san da sanin wa suke ɗiba.

Baba Mai Ritaya:
Direba, a bar wannan a bakin nan tukuna. Za a zo kansa, amma ba a waya ba.

Ba'adare:
Salamu alaikum. Ni baƙo ne cikinku, aure ya kawo ni wannan zaure, amma ku ba ni dama. Kuna ta zuwa Indiya, alhali abin na nan bayan gidanku. Mu a ƙasar Adar ta Nijar, wajen Illela da Badagishiri, fako ne da ko akuya ba ta tsayawa kansa. A 1989 wani shiri ya kwashi manoma ya kai su Yatenga ta Burkina Faso, sunka ga yadda ake gina ramu a fako ana zuba taki. Da sunka dawo sai sunka gwada, mu tassa muke ce mata. Rami ne ɗan daidai, ka tara ƙasar ta gefen gangare, ka sa taki hannu ɗaya ko biyu, gara ta shigo ta huda ƙasa, ruwan farko ya zauna ciki, ka shuka hatsi. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, masu tassa sunka samu abin kai wa rumbu, maƙwabta ba su samu ba. Daga nan ba wanda ya jira shiri. Har ta kai mutane na sayen fako da kuɗinsu, ƙasar da da ko kyauta ba a so. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso har mata sunka yi garake.

A Keita kuma, aikin da Italiya ta ɗauki nauyi tun 1984, mata ne sunka fi ɗaukar duwatsun, don maza na wajen bida. Wancan babban aiki ne mai motoci da abinci. Ya yi amfani, ba na ƙaryatawa. Amma in kun tambaye ni wanne ya fi yaɗuwa da ƙafarsa, tassa ce, don mutum ɗaya da hauyarsa ya iya ta, kuma a gonarsa yake ganin ribar.

Injiniya:
Malam Ba'adare ka kawo abin da ya fi dacewa da tudunmu na arewa da gari. Tassa da rabin-wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa, a gonakin sama, jerin duwatsu a ƙoramu biyun da ke ciyar da kwazazzabon, yasar kududdufin bayan makarantar allo. Wannan duka ba ya buƙatar sa hannun kowa sai na masu gonaki da dagaci. In na shigo ranar Asabar zan zo da abin auna gangare, tiyo ne na roba da ruwa a ciki da sanda biyu, yaro ma zai koya cikin awa ɗaya.

Maman Hanifa:
A tuna da Fulanin rugar yamma. Burtalinsu ta nan ya bi, kuma kududdufin nan mashayarsu ce tun da. In aka yashe aka kewaye ba a gaya musu ba, mun sayi rigima da kuɗinmu. A kira Arɗo tun ranar farko.

Sakatare:
Na ji duka, kuma ban ji haushi ba. Amma ku amsa min wannan. Ranar da aka yashe kududdufin ya cika, wani ya fito da takarda ya ce filinsa ne an yanka masa tun shekaru, da sunan wa za mu tsaya gaban hakimi? Da sunan zauren WhatsApp? Su can Indiya da aka zo rushe musu madatsa, ai akwai ƙungiya mai rajista da ta tsaya musu, ita ce ma ta shigar da ƙarar masu marmara.

Baba Mai Ritaya:
Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ba ni da amsar da ta fi taka. Ga abin da nake gani. Ka ci gaba da shirya takardunka, ba wanda ya hana. Sharaɗi ɗaya nake roƙo: kada a rubuta sunan kowa a matsayin shugaba ko ma'aji sai bayan an yi gayya uku. A ajiye littafi, duk wanda ya zo da shebur ko kwanon sarki ko ya aiko da abinci a rubuta. Daga cikin littafin nan za a zaɓi shugabanni. Ɗan majalisa kuma a bari sai akwai abin da za a nuna masa.

Sakatare:
Na karɓa, amma asusun banki fa? 'Yan uwa na Legas da Abuja sun ce za su turo gudummawa, ba zan karɓi kuɗin jama'a a asusuna ba.

Kawu Direba:
Su turo shebur. Ni zan ɗauko kyauta daga tasha.

Ɗan Indiya:
Ni ba zan samu gayyar farko ba, sai hutun ƙarshen shekara. Amma Yaya Sakatare, don Allah kafin Asabar a je wajen Inna da sauran tsofaffi da takarda da biro, su faɗi inda kowane kududdufi yake da, da ta inda ruwa ke shigarsa. Injiniya zai buƙaci wannan kafin ya fara awo.

Maman Hanifa:
Ni zan je wajen Inna gobe da hantsi. Sai dai ku sani, na biyun da za ta ambata yana ƙarƙashin shagunan wani da ke cikin zauren nan, yana karantawa bai ce komai ba tun safe.

Sakatare:
Hajiya a yi haƙuri, a fara da na bayan makarantar allo. Asabar bayan sallar asuba, a haɗu a ƙofar gidan dagaci. Wa ke da baro?